Kafin Ka Ce A Yi Mata Fomat, Tambayi Asalin Manhajar

Gabatarwa

A duk shekara, da zarar zangon karatu na biyu ya raba tsakiya, 'yan ajin ƙarshe kuma suka duƙufa a kan rubuta kundin kammala digiri, akwai wani kuka da kunnuwanmu suka saba ji a wannan sashe namu na Hausa. Kukan kuwa shi ne, "kwamfutata ta ƙi buɗe mini aikina." Ɗalibi zai danna alamar manhajar da yake aiki da ita, ta ɗan leƙo kamar za ta buɗe, sai ta ɓace ɓat. Ya sake dannawa, ta sake ɓacewa. Kafin ya gama jimami, abokai sun kewaye shi da shawara guda ɗaya tak, wato a kai ta wurin mai gyara a yi mata fomat, a goge komai, a zuba sababbin manhajoji.

A wannan ɗan rubutu ina so in ja da wannan shawara. Ra'ayina shi ne, manhajar da ta faɗi tun wajen tashi tana da dalili, kuma galibi ana iya gano dalilin ba tare da an goge komai ba. Sannan a mafi yawan lokuta, in aka bi diddigi, za a tarar matsalar ta samo asali ne daga wurin da aka ɗebo manhajar tun farko. Saboda haka tambayar da ya kamata ta riga kowace tambaya ita ce, daga ina wannan manhaja ta fito, kuma wa ya ba ka ita?

Kalmar manhaja dai mun fara saninta ne da ma'anar tsarin darussan da za a koyar a makaranta. Yanzu kuwa masu magana da Hausa sun faɗaɗa ma'anarta, ta haɗa da duk wani shiri da ake ɗora wa kwamfuta ko waya domin a yi wani aiki da shi. Da wannan ma'ana ta biyu zan yi amfani da ita.

Wani zai ce mene ne haɗin ɗalibin harshe da gyaran kwamfuta? Amsar tana cikin jakar kowannenmu. Mai nazarin karin sauti yana auna murya da Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam ta ƙasar Holan suka ƙirƙira. Mai rubuta hirarrakin da ya ɗauko a fagen bincike yana amfani da ELAN, ta Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen. Mai tattara kalmomi domin ƙamus yana aiki da FieldWorks na ƙungiyar SIL. Kowannenmu kuma yana buƙatar hanyar rubuta ɓ da ɗ da ƙ, ko ta Keyman ko ta allon rubutun Hausa da ke cikin Windows. Abin da ke cikin waɗannan manhajoji aikin watanni ne. Wani lokaci ma muryar wani dattijo ce da aka yi tafiya mai nisa aka ɗauka, wanda ba lalle ne a sake tarar da shi a raye ba in an koma.

Me yake hana manhaja tashi?

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Idan muka san abin da manhaja take yi a daƙiƙoƙin farko na tashinta, za mu san inda za mu duba. Da ka danna ta, abu uku take yi a jere. Za ta fara kiran waɗansu ƙananan fayiloli da ba ta iya aiki sai da su, waɗanda ni nake kira 'yan rakiya. Daga nan za ta karanta fayil ɗin da ta ajiye zaɓe-zaɓenka a ciki, kamar irin rubutun da kake so da aikin da ka buɗe a ƙarshe. Sannan ta nemi izinin zana tagarta a kan allo. In aka sami cikas a ɗaya daga cikin waɗannan matakai, sai ta faɗi.

Matsalar 'yan rakiya ita ce ta fi yawa. A Windows, sau da yawa za ka ga ɗan saƙo yana cewa ba a sami wani fayil mai suna VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll ba. Waɗannan biyun suna cikin wani ƙunshi na kamfanin Microsoft da ake kira Visual C++ Redistributable, wanda manhajoji da yawa suka dogara da shi, kuma kyauta ake sauke shi daga shafin kamfanin. Akwai kuma lambar kuskure 0xc000007b, wadda galibi take nuna an cuɗanya fayilolin kwamfuta mai bit 32 da na mai bit 64. Manhaja ta kira ɗan rakiyarta, wani daban ya amsa, sai tafiya ta fasa.

Dalili na biyu shi ne bambancin zamani. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a ranar 14 ga Janairu 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawar da ya saba ba Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Masu ƙera manhajoji su ma bin sawu suke yi. Misali, Chrome 109 da ya fito a farkon 2023 shi ne na ƙarshe da yake aiki a kan Windows 7. Duk wanda ya ɗora sabuwar manhaja a kan tsohon tsari, ko tsohuwa a kan sabo, yana iya ganin ta ƙi tashi alhali babu abin da ya lalace a jikin na'urar.

Dalili na uku shi ne lalacewar fayil ɗin zaɓe-zaɓe, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai a ƙasar nan. Idan aka ɗauke wuta, batirin kwamfuta kuma ya riga ya mutu, a daidai lokacin da manhaja take rubuta wannan fayil, sai ya tsaya a rabi. Gobe in ta zo karanta shi ta tarar da zance marar kai, sai ta faɗi. Ita manhajar lafiyarta ƙalau, ɗan ƙaramin fayil ne kawai ya sami rauni.

Dalili na huɗu kuma shi ne ita kanta manhajar ta iso da nakasa. Ko dai saukewar ta katse a tsakiya, ko filash ɗin da aka kwafo ta yana ɗauke da ƙwayar cuta, ko kuma wani ya taɓa cikinta kafin ta iso gare ka. A kan wannan ne zan fi tsayawa nan gaba.

Karanta kafin ka goge

Ni a aji na koyi Hausa, ba a gida ba, kuma abu na farko da malamanmu suka cusa mana shi ne kada mu tsallake kalmar da ba mu gane ba. In ka ci karo da ita, ka rubuta ta daidai yadda take, ka je ka buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ko wani ƙamus, ka nemo ta. Abin mamaki, mu da aka horar a kan haka, mu ne kuma idan kwamfuta ta fito mana da saƙon kuskure muke rufe shi da sauri kamar mun ga maciji. Alhali wannan saƙo shi ne bayanin da majinyaci yake yi wa likita. Saboda haka matakin farko shi ne ka karanta shi, ka kwafe shi harafi da harafi, ko ka ɗauki hotonsa da waya.

Idan manhajar ta ɓace ba tare da ta ce uffan ba, akwai inda ake rubuta labarin. Windows yana da wani kundi mai suna Event Viewer, inda yake rubuta sunan manhajar da ta faɗi, da lokacin, da sunan fayil ɗin da ya jawo faɗuwar. Mai amfani da Linux kuwa, sai ya buɗe tagar umarni ya rubuta sunan manhajar da hannunsa maimakon danna alamarta. A nan za ta faɗi abin da ta nema ta rasa, baƙi da fari.

Mataki na biyu, ka tambayi kanka me ya canja tsakanin jiya da yau. Ka ɗora wata sabuwar manhaja? Kwamfutar ta sabunta kanta cikin dare? Ka sa filash ɗin wani? Wuta ta ɗauke kana cikin aiki? Abin da yake aiki jiya ya ƙi yau, akwai abin da ya shiga tsakani.

Mataki na uku, ka tashe ta tsurarta, ba tare da ƙare-ƙaren da aka liƙa mata ba. Idan ka danne maɓallin Ctrl kana buɗe Word, zai tambaye ka ko ya tashi a yanayin kariya. Firefox a kan Windows yana yin haka in ka danne Shift. LibreOffice ma tana da irin wannan yanayi. In ta tashi a haka, to ka san laifin yana ga wani ƙari da aka ɗora mata ko ga zaɓe-zaɓenka.

Mataki na huɗu, ka nemo jakar da take ajiye zaɓe-zaɓen, wadda a Windows galibi tana cikin AppData, a Linux kuma cikin .config, ka canja mata suna. Ka lura, canja suna na ce, ban ce ka goge ba. Manhajar za ta nemi jakar ta rasa, sai ta ƙirƙiri sabuwa ta tashi garau. In kuma ba nan matsalar take ba, sai ka mayar da tsohon sunan, ba ka yi asarar komai ba.

Sai an gwada waɗannan duka sannan a zo ga cire manhajar a sake ɗora ta. Fomat kuwa shi ne na ƙarshen ƙarshe, kuma ga dalili. Mai gyara nagari yakan kwafe maka jakar Documents da abin da ke kan fuskar allo kafin ya goge. To amma FieldWorks a cikin wata ɓoyayyiyar jaka mai suna ProgramData yake ajiye ayyukansa, in dai ba ka canja masa wuri ba. Mai gyaran bai san da wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne, domin shi ba ɗalibin harshe ba ne. Za ka karɓi kwamfutarka tana gudu kamar sabuwa, amma kalmomin da ka shekara kana tattarawa sun tafi. An je neman gira an rasa ido ke nan.

Daga ina ta fito?

Idan ɗayanmu ya kawo wani baiti ko wata magana a cikin kundinsa, mai duba aikin zai tambaye shi, a ina ka samo? Wane littafi, wane bugu, wane shafi? In hira ce, da wa aka yi, a ina, yaushe? Mun kuma karanta yadda rubutun hannu yake sauyawa idan magwafi ya kwafa daga magwafi. Wannan ya tsallake layi, wancan ya gyara abin da bai gane ba, har a wayi gari kwafi na goma ya yi hannun riga da na farko. Wannan horo da muka samu a kan matani shi nake so mu ɗora a kan manhaja.

A ganina mafitar manhaja iri uku ce. Ta farko ita ce hannun wanda ya ƙera ta: Praat daga shafinta na Jami'ar Amsterdam, ELAN daga shafin Max Planck, FieldWorks da Keyman daga SIL, LibreOffice daga gidauniyar da ke kula da ita. Ta biyu ita ce rumbun da masu tsarin kwamfutarka suke kula da shi. Ta uku kuma ita ce bakin hanya, wato filash ɗin aboki, da faifan da aka tara manhajoji hamsin a ciki, da shafukan intanet masu manyan maɓallai kore suna kiran ka da ka danna.

Bari in ɗan tsaya a kan ta biyun, domin 'yan'uwanmu da suka koma Linux saboda tsofaffin kwamfutocinsu suna ƙaruwa. Tsarin Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, da Ubuntu, wanda aka gina a kansa ya kuma fara fitowa a Oktoba 2004, suna da rumbuna masu ɗauke da dubban manhajoji. Kowace manhaja tana zuwa a ƙunshe, tare da jerin 'yan rakiyar da take buƙata. Idan ka nemi ɗaya, wani shiri mai suna apt zai ɗauko ta tare da 'yan rakiyarta, ya kuma duba sa hannun lantarki na rumbun domin ya tabbatar ba a sauya kayan a hanya ba. Mafi muhimmanci, duk abin da ke cikin rumbun bugu ɗaya an gina shi ne domin ya zauna lafiya da sauran. Ubuntu yana fitar da bugu mai dogon zango duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, kamar 22.04 da 24.04, yana kuma kula da shi har shekara biyar.

Matsala tana farawa ne idan mutum ya ƙosa. Ya ji an ce akwai sabon bugun wata manhaja, na rumbu kuma ya ɗan tsufa, sai ya ƙara wani rumbu na gefe. A Ubuntu ana kiran irin waɗannan PPA, kuma duk wanda ya yi rajista a shafin Launchpad yana iya buɗe nasa, ba tare da kamfanin Canonical ya tantance abin da ya zuba ba. Daga cikinsu akwai na masu manhajar da kansu, akwai kuma na wanda ya buɗe don sha'awa, ya gaji ya watsar. Rumbun gefe yana iya sauya wani ɗan rakiya da manhajoji ashirin suke amfani da shi. Manhajar da ka nema ta tashi, wasu uku da ba ka taɓa ba su faɗi. Su kansu mutanen Debian sun yi gargaɗi a kan cuɗanya rumbunan bugu daban-daban, har suka laƙaba wa irin wannan kwamfuta suna FrankenDebian, wato dodon da aka harhaɗa daga gaɓoɓin jikuna daban-daban. Ƙa'idata a nan mai sauƙi ce. Kada ka ƙara rumbu sai in masu manhajar ne da kansu suka nuna shi a shafinsu, kuma sun ambaci bugun da kake amfani da shi.

Haka abin yake a Windows. Wanda aka ce masa wani fayil na dll ya ɓace, sai ya je wani shafi ya sauke fayil ɗin shi kaɗai ya jefa cikin kwamfutarsa, ya yi cinikin biri a sama. Bai san wa ya gina fayil ɗin ba, bai san na wane bugu ba ne, bai kuma san abin da aka cusa a ciki ba. Ko injin bincike ma sai an yi hattara da shi. A Disamba 2022 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa 'yan damfara suna sayen tallace-tallace a injunan bincike, suna kwaikwayon shafukan sanannun manhajoji, domin su bayyana a sama da shafin gaskiya. Sakamakon da ya fito a saman shafi ba lalle ne ya zama na masu kayan ba. Ka duba adireshin da kyau, kamar yadda kake duba ƙugiyar ɗ da ƙ a jarrabawar ƙa'idojin rubutu.

Hatta manyan dillalai sukan canja hali. Shafin SourceForge ya daɗe yana cikin wuraren da aka fi amincewa da su wajen sauke manhajojin kyauta. Amma a 2015 aka tarar yana rarraba GIMP, manhajar gyaran hoto, a cikin wani ƙunshi mai ɗauke da tallace-tallace, ba da yardar masu ita ba. Sai da shafin ya sauya hannu a 2016 aka daina wannan ɗabi'a. Dillali dai dillali ne, kuma in akwai hanyar zuwa wurin mai kaya, gara a je.

Abin da masu ja da ni za su ce

Na san akwai masu cewa, ai su ma amintattun wuraren sukan kawo matsala. Wannan gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba. A ranar 20 ga Fabrairu 2016 masu kutse suka shiga shafin Linux Mint suka karkatar da masu saukewa zuwa wani gurɓataccen kwafi na bugu 17.3. A 2017 aka cusa mugun shiri a cikin CCleaner 5.33, ya fita da sa hannun kamfanin na gaskiya, ya kuma shiga kwamfutoci fiye da miliyan 2. A ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika da wata sabuntawa mai kuskure, wadda ta hana kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 tashi, bisa ƙiyasin Microsoft. Jirage suka kasa tashi, aiki ya tsaya a bankuna da asibitoci a ƙasashe da dama.

To amma mu dubi abin da ya biyo baya. Masu Linux Mint sun sanar da jama'a nan take, suka faɗi bugun da abin ya shafa da yadda mutum zai gane ko nasa kwafin na ƙwarai ne. A batun CrowdStrike kuwa, a ranar aka gano fayil ɗin da ya jawo abin, aka kuma sanar da maganin, wato a tashi kwamfutar a yanayin kariya a goge wannan fayil guda ɗaya. Ka ji fa, ya mai karatu. Faɗuwar da ta girgiza duniya, fayil ɗaya aka cire, ba fomat aka yi ba. An iya yin haka ne domin an san inda abin ya fito, da ranar da ya fito, da wanda zai amsa tambaya. Manhajar da ka kwafo daga filash ɗin da ya zaga ɗakunan kwana goma, wa zai fito ya yi maka bayani ranar da ta tashi da kai tsaye?

Akwai wani misali da ya fi burge ni. A ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya sanar cewa ya gano ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a cikin XZ Utils, wata ƙaramar manhajar matse fayiloli da kusan kowane tsarin Linux yake amfani da ita. Abin da ya ja hankalinsa shi ne jinkirin kimanin rabin daƙiƙa da ya lura da shi wajen shiga wata kwamfuta. Bai ce a yi fomat ba, bin diddigi ya yi har ya kai ga tushe. Gurɓatattun bugun, wato 5.6.0 da 5.6.1, sun shiga rumbunan gwaji, amma ba su kai ga tabbatattun bugun Debian da Ubuntu ba. Waɗanda suka yi haƙuri da abin da ke cikin tabbataccen rumbu, wanda wasu suke yi wa dariya cewa ya tsufa, su ne suka kwana lafiya.

Ƙorafi na biyu shi ne kuɗi. Data tana da tsada, wasu manhajojin kuma farashinsu ya fi ƙarfin ɗalibi, shi ya sa ake neman waɗanda aka fasa wa makulli. Wannan ƙorafi yana da nauyi, ni ma ɗalibi ne, na san yadda aljihu yake a ƙarshen wata. Sai dai mu yi lissafi. Praat kyauta ce, kuma ƙarama ce, ba ta ma buƙatar a girka ta. ELAN kyauta ce, FieldWorks kyauta ne, haka Keyman, haka LibreOffice wadda take buɗe fayilolin Word tana kuma rubuta su. Kusan duk kayan aikin ɗalibin harshe masu su sun bayar da su kyauta. Ita kuwa manhajar da aka fasa, an riga an sauya cikinta da gangan, kuma sau da yawa umarnin da yake zuwa da ita shi ne ka kashe mai gadin kwamfutarka kafin ka ɗora ta. Baƙon da ya ce sai ka ɗaure karenka sannan zai shigo cikin dare, ai ka san abin da ya kawo shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin da za mu iya yi a matsayinmu na sashe

Tun da data ce babbar matsala, ba sai kowa ya sauke nasa ba. Shawarata ga ƙungiyar ɗalibanmu ita ce ta tanadi faifan ajiya guda ɗaya na sashe. A farkon kowane zango, mutum biyu su sauke manhajojin da muke amfani da su daga hannun masu su, su rubuta sunan kowace, da lambar bugunta, da ranar da aka sauke ta, da adireshin da aka samo ta, kamar dai yadda muke rubuta manazarta a ƙarshen kundi. Inda masu manhajar suka wallafa lambar tantancewa ta SHA-256, a gwada a gani. Wannan lamba mai haruffa da alƙaluma 64 kamar zanen yatsa take ga fayil, ko ɗigo ɗaya aka sauya a cikinsa sai ta canja gaba ɗaya. A Windows ana fitar da ita da umarnin Get-FileHash, a Linux kuma da sha256sum. Aikin minti biyu ne. Sannan a kafa doka cewa daga faifan ake ɗauka, ba a zuba masa komai daga waje.

Na biyu, a ajiye wani littafi a ofishin ƙungiya, inda duk wanda manhaja ta ƙi tasar masa zai rubuta saƙon da ya gani da abin da ya yi ta gyaru. A rubuta da Hausa. Ta haka za mu jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin 'yan baya za su sami abin dubawa, mu kuma za mu ga waɗanne kalmomi ne suke zama a bakin mutane idan ana zancen kwamfuta, wanda shi ma abin nazari ne ga ɗalibin harshe.

Na uku, kowa ya san inda manhajarsa take ajiye aikinsa, ya kuma riƙa kwafe shi zuwa wurare biyu duk ƙarshen mako, musamman muryoyin da aka ɗauko daga fage. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake da kwafin aikinsa a gefe, ko da an kai ga fomat ɗin, yini ɗaya kawai zai rasa.

Kammalawa

Ban ce kowane ɗalibin Hausa ya zama injiniya ba, ban kuma ce mu ƙaurace wa masu gyara ba, domin akwai lalacewar da sai su. Abin da nake cewa shi ne, kayan aikin da ake buƙata a nan muna da su tuntuni. An koya mana mu karanta matani a tsanake, an koya mana mu tambayi asalin kowace magana kafin mu ɗora hujja a kanta. Ranar da manhaja ta ƙi tashi, ka karanta abin da ta ce, ka tuna abin da ya canja, ka gwada ƙananan magunguna kafin babba. Ranar da za ka ɗora sabuwa kuma, ka tabbatar za ka iya faɗin sunan wanda ya ƙera ta da wurin da ka karɓo ta. In ba za ka iya ba, ka bar ta inda ka gan ta.

Allah ya ba 'yan ajin ƙarshe sa'ar kammala kundayensu lafiya, mu da muke biye kuma ya kai mu lokacin.